Shirin Circus Boy na 1956: ya dace mu zaunar da yaranmu su kalle shi?

Baban Hafsa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar 'yan uwa a kan wani tsohon shirin talabijin na yara da na ci karo da shi a intanet, wanda yau kwana goma ke nan ni da 'ya'yana muke kallonsa bayan sallar isha'i. Sunansa Circus Boy, na Amurka ne, an fara nuna shi a tashar NBC a watan Satumba na 1956, ya koma tashar ABC a shekarar da ta biyo baya, kuma gaba ɗayansa kashi 49 ne. Hotonsa baƙi da fari ne, kowane kashi kuma bai wuce rabin awa ba.

Ga wanda bai san abin da ake kira sakos ba, ayari ne na 'yan wasa da ke yawo gari-gari, su kafa ƙaton tanti a bayan gari, jama'a su biya kuɗi su shiga su kalli masu lilon sama, da masu tafiya a kan igiya, da mahaya dawaki, da masu ban dariya da suka shafe fuska da fenti, da namun daji da aka horar. An gina labarin shirin ne a ƙarshen shekarun 1890. Wani yaro ne mai suna Corky, iyayensa 'yan lilon sama ne, suka yi haɗari a wurin wasa suka mutu. Sai Joey, mai ban dariyar ayarin, ya ɗauke shi riƙo, kuma yaron ya samu aikin ɗebo wa wani ɗan giwa mai suna Bimbo ruwa a ƙarƙashin mai ayarin, Big Tim Champion. Daga nan kowane kashi da irin rigimar da take tasowa da kuma yadda ake kashe ta.

Yarana sun kamu da son shirin ƙwarai, ni ma ban ga wani abu na rashin kunya a cikinsa ba, wanda ba ƙaramin abu ba ne a wannan zamani. Abin da ya hana ni sakin jiki shi ne, yaro ne da bai wuce shekara 12 ba, maraya, yana aikin ƙarfi a tsakiyar manyan dabbobi, a cikin sana'ar da ta kashe masa uwa da uba, amma shirin yana nuna wannan a matsayin rayuwar da kowane yaro zai yi kwaɗayi. Ɗana na biyu har ya ce shi ma da zai samu ya bi ayarin da ya fi masa makaranta. Shin in ci gaba da nuna musu, ko in nemo wani abu daban?

Malamin Tarihi

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a kai ga tambayarka, akwai wani abu game da lokacin da aka yi shirin da nake ganin shi ne mabuɗin fahimtarsa. A ranar 16 ga Yuli, 1956, kamfanin sakos mafi girma a Amurka, Ringling Bros. and Barnum & Bailey, ya yi wasansa na ƙarshe a cikin tanti a birnin Pittsburgh. Shugabansa, John Ringling North, ya ba da umarni a naɗe tantin a koma gida tun shekarar wasan ba ta ƙare ba, daga baya kuma suka koma yin wasa a cikin manyan gine-gine. Wata biyu kacal bayan wannan rana Circus Boy ya bayyana a talabijin. Wato yaran Amurka sun fara kallon tantin a cikin akwati daidai lokacin da babban tanti na gaske ya daina zuwa garuruwansu.

Dalilan faɗuwar suna da yawa. Kuɗin leburori ya hau, kuɗin jirgin ƙasa ya hau, filayen bayan gari da ake kafa tanti sun zama gidaje. Ga kuma tabon gobarar Hartford ta ranar 6 ga Yuli, 1944, inda tantin da aka shafe da kakin farafin da aka narka da fetur don kada ruwan sama ya ratsa shi ya kama da wuta, mutane aƙalla 167 suka mutu, da yawansu yara. Amma babbar kishiyar ita ce talabijin ɗin kanta. A 1950 gidajen Amurka da ke da talabijin ba su wuce kashi 9 cikin 100 ba, zuwa 1960 sun doshi kashi 90.

Shi ya sa ba su gina labarin a zamaninsu ba, suka koma shekarun 1890, lokacin da zuwan sakos gari yake kamar ranar hawan salla: a yi jerin gwano da giwaye da makaɗa a babban titi, a rufe makarantu a wasu garuruwan, manoma su shigo daga ƙauyuka tun da asuba. Waɗanda suka rubuta shirin manya ne masu kewar wani abu da ya kuɓuce musu, kuma mai kewa ba ya tuna wahala. Ina ganin abin da ka hango a cikin shirin ke nan.

Maman Sadiq

Malam, na gode da wannan tarihi, amma ina ganin an fara duba abin ta inda yaro ba ya duba shi. Ni malamar firamare ce shekara 19, kuma na kalli wasu sassan shirin bayan da Baban Hafsa ya kawo maganar. Yaro ba ya ganin aikin ƙarfi, abin da yake gani shi ne an yi mutuwa, an bar ƙaramin yaro ba kowa, kuma mutanen da ba su haɗa jini da shi ba suka ce ba za a yar da shi ba. Joey ba shi da dukiya, sana'arsa ita ce a yi masa dariya, amma shi ne ya tsaya a matsayin uba, yaron yana kiransa kawu. Pete mai kafa tanti, da shi kansa mai ayarin, kowa yana da bakin tsawata masa kuma kowa yana da hannun kare shi. Mu da muka tashi muna jin ana cewa ɗa na kowa ne, bai kamata wannan ya zama baƙon abu a wurinmu ba.

Akwai marayu a ajina kowace shekara. Abin da ya fi cin ransu ba rashin littafi ba ne, jin da suke yi cewa su kaya ne aka ɗora wa wani. Shirin da zai nuna musu maraya da ake so, wanda yake da aikin da aka dogara da shi a kai, wanda idan ya yi magana manya suke saurare, ni ba zan yi saurin ture shi ba. Maganar da ɗanka ya yi ta bin ayari kuwa, Baban Hafsa, babu yaro mai lafiya da bai taɓa cewa wani wuri ya fi masa makaranta ba.

Ɗan Majigi

Hajiya, da izininki zan ɗan ja da maganar riƙon maraya, ba don ba na ganin kyanta ba, sai don in nuna inda ta samo asali. Kamfanin Screen Gems ne ya yi shirin, wato reshen talabijin na kamfanin finafinai na Columbia, kuma ɗaya daga cikin furodusoshinsa shi ne Herbert B. Leonard. Wannan mutumin shi ne ya yi The Adventures of Rin Tin Tin tun 1954. Duba labarin wancan: maraya ne mai suna Rusty, sojojin doki na wani sansani suka ɗauke shi riƙo, abokinsa kuma kare ne. A nan an cire sansanin soja an sa tanti, an cire kare an sa ɗan giwa. Ma'aunin ɗaya ne, kuma an maimaita shi ne saboda na farkon ya yi kasuwa.

Marubutan irin waɗannan shirye-shirye suna son maraya ne domin yaron da ke da uwa a gida ba zai samu damar bin ɓarayi da daddare ba. Sai an kawar da iyaye kafin kasada ta samu hanya. Hatta 'yan wasan ma daga finafinan kaboyi aka ɗebo su: Noah Beery Jr. da ya fito a Joey, da Guinn Williams da ya fito a Pete, dukansu tsofaffin hannu ne a wannan fanni, Robert Lowery kuma, wato Big Tim, shi ne ya fito a Batman a wani jerin finafinai na 1949. Saboda haka idan ka lura za ka ga shirin kaboyi ne da aka lulluɓe da tanti. Ban ce wannan aibi ne ba, kuma Beery ya iya aikinsa, domin taushin da ya ba Joey ba daga takarda kaɗai ya fito ba. Amma kada mu ɗauka an zauna ne don a koyar da tausayin maraya.

Likitan Dabbobi

Ni abin da ya tsaya mini shi ne, marayu biyu ne a cikin shirin nan, amma ɗaya kawai ake yi wa juyayi. Giwa tana ɗaukar ciki wajen wata 22, ɗanta yana shan nono shekara biyu ko fiye, kuma idan mace ce ba ta rabuwa da garken uwarta har ta mutu. Duk ɗan giwar da ka gani shi kaɗai a fagen wasa yana ɗaga ƙafa yana durƙusawa, to ka tabbata an raba shi da uwarsa kafin lokaci, ko a daji ko a inda aka haife shi. Shirin ya gaya mana yadda iyayen Corky suka mutu, ya mai da wannan tushen labari, amma Bimbo sai ka ce daga sama ya faɗo.

Giwar da ta fi kowace shahara a tarihin sakos daga nahiyarmu ta fito. Jumbo toron giwa ne da aka haifa a Sudan wajen 1860, mafarauta suka kashe uwarsa suka kama shi yana ƙarami. Ya zauna a Faris, aka kai shi gidan namun dajin Landan a 1865, sannan a 1882 mai sakos P. T. Barnum ya saye shi dala 10,000 ya kai shi Amurka. Shekara uku kawai ya yi a can, jirgin ƙasa ya buge shi a garin St. Thomas na Kanada a 1885 ana kan hanyar mai da shi taragonsa bayan wasa. A 1916 kuma, a garin Erwin na jihar Tennessee, an rataye wata giwar sakos mai suna Mary a gaban jama'a saboda ta kashe wani sabon ma'aikaci da aka sa ya kula da ita.

Dabbar da ta kai wannan girma ba ta tsayawa da ƙafa biyu don tana son yaro. Ana horar da ita ne da sanda mai ƙugiyar ƙarfe a baki, ana taɓa ta a wurare masu taushi kamar bayan kunne da bayan gwiwa, ana ɗaure ta da sarƙa yawancin yini. Idan aka fara tun tana ƙarama, ganin sandar kaɗai ya isa. Wannan shi ya sa aka yi shekaru ana jayayya da kamfanin Ringling har ya sallami giwayensa daga wasa a watan Mayu na 2016, sannan ya rufe gaba ɗaya a Mayun 2017.

Baban Hafsa

Likita, maganarka ta taɓa ni, domin a rana ta uku da fara kallonmu Hafsa, wadda shekararta bakwai, ta tambaye ni ina uwar Bimbo. Na ce mata tana daji. Sai ta ce to me ya sa ba a mai da shi wurinta ba, tunda shi tasa uwar ba ta mutu ba. Na yi shiru, na ce ta bari sai an gama kashin. Har yau ban ba ta amsa ba, kuma wannan yana cikin abin da ya sa na kawo maganar nan.

Malamin Tarihi

To bari in ƙara a kan ɗaya marayan, domin a yi wa shirin adalci ta fuska biyu. A Amurka ta shekarun 1890, yaron da ya rasa iyaye ba zaɓi mai yawa gare shi ba. Ko dai gidan marayu, ko kuma abin da aka sani da jiragen ƙasa na marayu, waɗanda daga 1854 zuwa 1929 suka kwashi yara kimanin 200,000 ko fiye daga biranen gabas kamar New York zuwa yankunan noma. Akan jera yaran a tasha ko a wani zaure, manoma su zo su duba su zaɓa. Wasu sun faɗa hannu nagari, wasu kuwa ma'aikatan gona kawai aka samu ba tare da biya ba, kuma sau da yawa akan raba wa da ƙani. Idan aka auna da wannan, yaron da ya zauna a cikin mutanen da suka san iyayensa, suna ci tare suna kwana tare, ba shi ne ya fi kowa asara ba. A nan Hajiya tana da gaskiya, kuma sanannen abu ne cewa sakos sana'ar gado ce, yara suna tasowa a cikinta suna koyo daga iyaye.

Amma akwai yaran da sakos ya ɗauka ta wata hanyar. George da Willie Muse 'yan uwa ne baƙaƙen fata zabiya daga jihar Virginia. Tun suna yara aka shiga da su ayari, aka bar gashinsu ya yi tsawo ya cukurkuɗe, aka riƙa nuna su ga masu kallo da sunayen ƙarya a matsayin wasu halittu na ban mamaki, shekara da shekaru ba a biyansu. Uwarsu ba ta daina nema ba, har sai da ta gano su a 1927 lokacin da ayarin Ringling ya zo garin Roanoke, ta shiga tantin ta tsaya a gabansu, daga baya kuma aka kai maganar kotu. Baƙar mace ce mai wanki a kudancin Amurka na zamanin wariya. Wannan ma labarin yara ne a cikin sakos, kuma babu tashar da za ta mai da shi shirin yara a 1956.

Maman Sadiq

Malam, labarin waɗannan 'yan uwa ya sosa mini rai, kuma ban san shi ba sai yau. Sai dai har yanzu ina nan a kan cewa labarin yara ba littafin tarihi ba ne. Idan muka ce sai shiri ya ɗauko duk munin zamaninsa kafin yaro ya kalla, to babu abin da zai rage. Yaro ɗan shekara bakwai yana buƙatar ya fara ganin yadda ya kamata mutane su zauna da juna, kafin a nuna masa yadda suka kasa. Kuma tambayar da Hafsa ta yi ita ce hujjata. Wane ne ya sa mata tausayin ɗan giwar nan har ta tuna yana da uwa? Shirin ne. Da an nuna mata shi a matsayin dabba kawai a keji, ba za ta tambaya ba.

Sannan kada mu yi kamar abin a Amurka kaɗai yake. Wa a cikinmu bai taɓa bin gardawa yana yaro ba, suna jan kura da sarƙa an sa mata takunkumi, ga mai maciji ga mai biri, wani lokaci har da ƙaramin yaro ko yarinya a cikin tawagar ana ɗora su a bayan kurar? Mun kalla, mun yi murna, kuma babu wanda ya tambayi ina aka samo kurar. Hafsa ta riga ta fi mu, ita ta tambaya. Shawarata ita ce a ci gaba da kallo, amma uban ya zauna tare da su, kuma ya ba ta amsa ta gaskiya gwargwadon shekarunta.

Ɗan Majigi

Akwai yaro na uku da ba a yi maganarsa ba, wato wanda ya yi wasan. Sunan da ke fitowa a allo Mickey Braddock ne, amma ainihinsa Micky Dolenz, an haife shi a 1945, mahaifinsa George Dolenz shi ma ɗan wasan kwaikwayo ne. An canza masa suna, an rina masa gashi ya koma ruwan zinariya, yana ɗan shekara 11 ya zama shi ne ginshiƙin shirin da manya da yawa suke cin abinci da shi. Har yawon tallar shirin ya yi tare da giwar yana rera waƙa a gaban jama'a. Wato yaron da yake kwaikwayon ɗan ayari shi ma ɗan ayari ne.

A lokacinsa akwai 'yar kariya, domin jihar Kalifoniya ta yi doka a 1939 da ta tilasta a ajiye wa yaro ɗan wasa wani kaso na kuɗinsa. An yi dokar ne bayan Jackie Coogan, yaron da ya fito tare da Charlie Chaplin a 1921, ya girma ya tarar uwarsa da mijinta sun cinye kusan duk abin da ya tara, ya kai su kotu. Abin da ya fi burge ni a labarin Dolenz shi ne, da shirin ya ƙare iyayensa sun janye shi daga harkar ya koma makaranta kamar kowane yaro. Sai a 1966, yana saurayi, ya dawo da ƙarfinsa a ƙungiyar mawaƙa ta The Monkees, wadda ita ma shirin talabijin ce ta Screen Gems. Baban Hafsa, idan ɗanka ya sake cewa ayari ya fi makaranta, ka gaya masa cewa shi Corky ɗin na gaske aji ya koma.

Alhaji Baba

Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ina ganin a cikinku babu wanda ya taɓa zama a gaban fagen sakos na gaske, shi ya sa zan sa baki. Na yi karatu a Mosko a shekarun 1970, kuma a can sakos ba abin raini ba ne, gwamnati ce take riƙe da shi, da makarantarsa ta musamman tun 1927, da gininsa na dindindin. Na je kallo ba sau ɗaya ba. Abin da ba zan manta ba shi ne lilon sama. Mutum ya saki sandarsa a can ƙololuwa, ya juya a iska, ɗan uwansa kuma yana rataye da ƙafafu kansa a ƙasa, ya miƙo hannu ya cafe shi a wuyan hannu. Idan ɗaya ya yi jinkiri da ƙiftawar ido, an gama. Wani Bafaranshe mai suna Jules Léotard ne ya fara tsalle daga lilo zuwa lilo a Faris a 1859, shi kaɗai, daga baya aka ƙara mai cafewa, kuma tun daga nan wasan bai canza ba: ranka yana hannun wani, nasa yana hannunka.

Na kawo wannan ne domin maganar da aka yi cewa zumuncin da ke cikin shirin dabarar marubuta ce. Mai yiwuwa haka ne, amma sun ɗauko shi ne daga abin da yake akwai. Mutanen da kullum suke riƙe igiyar juna, suke kafa tanti tare a cikin ruwa da laka, suke shiga gari a matsayin baƙi ana yi musu kallon 'yan yawo, dole su zama dangi ko sun ƙi. Idan ɗayansu ya faɗo ya mutu, ba za su bar ɗansa a tasha ba, domin kowa ya san gobe nasa ne. Kuma mai ban dariya, wanda kuke gani kamar shi ne ƙarami a ayari, yawanci shi ne wanda ya fi kowa sanin sana'ar, domin shi ake turowa ya riƙe hankalin jama'a idan wani abu ya ɓaci. A Mosko babu ɗan wasan da aka fi girmamawa kamar Yuri Nikulin, kuma mai ban dariya ne. Saboda haka da marubutan suka ba Joey riƙon yaron, ba su yi kuskuren zaɓe ba.

A kan dabbobi kuwa ina tare da Likita. Na ga beyar tana tuka keke a can, jama'a suna tafi, ni ma na tafa. Yau da na tsufa ba na jin daɗin tuna wannan.

Likitan Dabbobi

Allah ya ƙara lafiya, Baba. Abin da kuka faɗa ya nuna cewa ƙwarewar mutane ita ce gishirin sakos, kuma ba ta buƙatar sarƙa. Kamfanin Cirque du Soleil da aka kafa a Kebek ta Kanada a 1984 ya zagaye duniya ba tare da giwa ko zaki ba. Boliviya ta hana sa dabbobi a sakos a 2009, Ingila ta hana sa namun daji daga 2020, shi kansa Ringling da ya dawo a 2023 babu dabba ko ɗaya a wasansa. Ni ban ce a hana yara kallon shirin ba, Hajiya, kuma na karɓi maganarki cewa shirin ne ya buɗe wa yarinyar ƙofar tambaya. Abin da ba na so shi ne a ce mata uwar tana daji lafiya lau, domin wata rana za ta karanta labarin Jumbo da kanta.

Baban Hafsa

Na gode muku duka, musamman Baba da ya ba mu abin da ido ya gani. Jiya kafin mu kunna shirin na zaunar da su na gaya wa Hafsa cewa a wancan zamani mutane sukan raba 'ya'yan giwa da iyayensu don su koya musu wasa, cewa wannan zalunci ne, kuma yanzu ƙasashe da yawa sun hana. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce ashe shi ya sa Bimbo yake bin Corky ko'ina, domin su biyun ba su da uwa. Mun kalli kashi ɗaya bayan haka, kuma na lura duk inda giwar ta fito ba ta dariya kamar da, sai dai ta matso kusa da allon. Yayan nata kuwa wata tambayar ya yi, kuma na yi masa alkawarin zan kawo ta nan: tunda aikin Corky ɗebo ruwa ne, bokiti nawa giwa take sha a rana?

Likitan Dabbobi

Ka gaya masa babbar giwa takan sha fiye da lita 100 a rana, idan ana zafi ma ta wuce haka nesa, ban da ruwan da take watsa wa jikinta. Ɗan giwa kamar Bimbo ba zai kai haka ba, amma ayari ba ya tafiya da dabba ɗaya, ga dawakai ga sauran giwaye. Idan bokitinku na gida mai cin lita goma ne, ka cika masa shi ya ɗauka daga famfo zuwa ƙofar gida, sannan ya lissafa sawu goma kafin a karya kumallo.